Akwatin KVM Ya Fara Gardama: A Gyara, A Canza, Ko A Koma Manhaja?

Wanda ke aiki da kwamfuta biyu a tebur ɗaya, misali laftop ɗin ofis da babbar kwamfutarsa ta gida, ba ya daɗewa kafin ya gaji da kibod biyu da linzami biyu. Sai ya sayo akwatin KVM, ɗan akwatin nan mai maɓalli a gaba da ake haɗa wa kibod ɗaya, linzami ɗaya da allo ɗaya. Ka danna maɓalli su koma wannan kwamfuta, ka sake dannawa su koma waccan. Da fari komai lafiya. Sannu a hankali ƙorafi ya fara: linzami yana tsalle-tsalle, kibod ya yi shiru sai an zare an mayar, maɓallan ƙara murya sun daina aiki, ko kuma duk lokacin da ka dawo sai ka tarar tagogin da ka jera sun tattaru a wuri guda.

Yawancin masu wannan ƙorafi suna ɗauka akwatin ne ya lalace, su je su sayo wani, su tarar da matsalar tana nan ko ta sake kama. A ganina, da wuya a ce lalacewa ce. Akwatin yana yin abin da aka ƙera shi ya yi ne, kuma kowane irin ƙira da irin ciwon kansa. In ka gane irin wanda ke gabanka, za ka san ko gyaran minti biyar yake buƙata, ko kuwa tun farko ba shi ya dace da kai ba.

Iri biyu, ciwo biyu

Ta ɓangaren USB, akwatunan da ke kasuwa sun kasu gida biyu manya.

Na farko ba ya da wata dabara. Idan ka danna maɓalli, sai ya yanke kibod da linzami daga kwamfuta ta ɗaya ya jona su da ta biyu, daidai da ka zare da hannunka ka soka a can. Kwamfutar da aka jona wa dole ta tsaya ta tambayi na'urar: wace ce ke, wa ya ƙera ki, wuta nawa kike ci? Sannan ta ɗora mata direba, wato 'yar manhajar da ke ba ta damar aiki da na'urar. Shi ya sa kake jin Windows ya yi ƙarar nan ta an soka sabon abu, kuma sai ka jira daƙiƙa kaɗan kafin linzami ya motsa. Amfaninsa shi ne kwamfutar tana ganin ainihin kibod ɗinka, don haka duk wani maɓalli na musamman yana aiki, manhajar kamfanin da ya ƙera shi ma tana ganinsa. Aibinsa jiran nan, da kuma cewa wani lokaci tambayar ba ta kammaluwa, kibod ya ƙi tashi sai ka koma ka dawo.

Na biyu ya fi wayo. Yana nuna wa kowace kwamfuta kibod da linzami na bogi waɗanda ba sa gushewa, ko kana kanta ko ba ka kanta. Shi kuma yana karɓar abin da ka danna ya miƙa wa wadda ka zaɓa. Babu jira, babu ƙara, kuma tunda akwatin yana sauraron kibod ɗin da kansa, za ka iya canza kwamfuta ba tare da ka miƙa hannu ba. A akwatuna da yawa, ciki har da na ATEN da IOGEAR, danna Scroll Lock sau biyu ne ke buɗe wannan hanya. To amma akwatin kamar tafinta ne da ya iya gaisuwa da ciniki kaɗai: abin da ya wuce haka sai ya bar shi a ƙasa. Haruffa da lambobi da danna hagu da dama za su wuce. Maɓallan gefen linzami, gungurawa gefe, maɓallan sauti, na'urar karanta yatsa da ke jikin kibod, waɗannan sau da yawa ba sa isa. Manhajojin kamfanonin kibod da linzami irin su Logi Options+ ko Razer Synapse za su ce maka ba su ga komai ba, alhali kana rubutu da abin.

Gane wanda kake da shi ba wuya. Buɗe Device Manager, wurin da Windows ke jera na'urorin da ke jone, a kwamfuta ta ɗaya, ka canza zuwa ta biyu, ka dawo. In kibod ɗin ya ɓace ya sake bayyana, irin na farko ne. In yana nan daram, kuma sunan da ke jiki ba na kamfanin kibod ɗinka ba ne, irin na biyu ne. A Linux, umarnin dmesg zai nuna maka duk cirewa da sokawa.

Akwatuna masu yawa sun haɗa duka biyun, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Duba bayan naka. Za ka ga kafofi biyu da aka zana wa hoton kibod da na linzami, sannan ga wasu kafofin USB da ba a zana musu komai ba ko aka yi musu alamar USB kawai. Masu zanen su ne na bogin, marasa zanen su ne masu cirewa da sokawa. Saboda haka gyaran da ya fi kowane sauƙi shi ne ka matsar da abin da ke ba ka wahala daga kafa mai zane zuwa marar zane. Kibod ɗin 'yan wasan kwamfuta, wanda ke iya aika maɓallai barkatai a lokaci guda, yakan rikita kafa mai zane, domin ita tsohon tsarin da ke ɗaukar maɓalli 6 a tare ta sani. Linzamin wasa da ke aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa ma haka, tunda linzamin yau da kullum sau 125 yake yi. Haka 'yar risibar nan ta Logitech Unifying, wadda ke ɗaukar na'ura har 6 a kafa ɗaya: akwatin yana jiran kibod zalla, sai ga abu ya zo yana cewa shi kibod ne kuma linzami ne. Ka mayar da su kafa marar zane, za su yi aiki. Abin da za ka rasa shi ne canza kwamfuta da Scroll Lock, sai dai maɓallin jikin akwati.

Akwai iri na uku da ake kira DDM, wanda kamfanin ConnectPRO ya yi suna a kansa. Shi yana kwafe ainihin bayanan kibod ɗinka ya riƙa nuna wa kowace kwamfuta, maimakon na bogi na gama-gari. Yana magance yawancin matsalolin biyu, amma da tsada, kuma ba a ko'ina ake samunsa ba.

Kafin a ɗora wa akwati laifi

Wuta ce abu na farko da nake dubawa. Kafar USB 2.0 milliamfiya 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900. Akwati mai araha daga nan yake shan tasa, sannan ya raba sauran ga duk abin da ka jona masa. Kibod mai fitilu kala-kala, kyamarar taro, makirufo, ga kuma hard disk na waje, duk a kan kafa ɗaya ta laftop. Alamar ƙarancin wuta ita ce abu ya yi aiki ya yanke ya dawo, ko fitilar kibod ta riƙa ƙyaftawa, ko komai ya tsaya da zarar an kunna kyamara. A jikin akwatuna da yawa akwai wata 'yar kafa da aka rubuta wa DC 5V wadda masu saye ba sa kulawa da ita, domin sau tari ba a haɗo cajarta a kwali ba. Sa mata cajar waya mai kyau, sau da yawa shi ke nan.

Wannan shan wuta daga kwamfutoci yana jawo wani abu kuma. Idan akwatin ya rikice, musamman bayan an ɗauke wuta an koma janareta ko inbata, kashe shi da kunnawa ba ya wadatarwa, saboda yana ci gaba da samun wuta ta kebul ɗin USB, wani lokaci har ta HDMI. Sai ka zare komai da komai daga jikinsa, ka ɗan dakata, sannan ka mayar: cajarsa, allo, kibod da linzami, kwamfutoci a ƙarshe.

Na biyu, idan linzaminka marar waya ne kuma yana tsalle, duba abin da ke maƙwabtaka da risibarsa. Tun 2012 Intel ya wallafa bayani cewa kafofi da kebul na USB 3.0 suna fitar da hayaniyar da ke shiga zangon 2.4 GHz, inda linzami marar waya da Bluetooth suke magana. A bayan akwatin KVM kuwa kafofin a cunkushe suke, risiba na manne da kebul na USB 3.0 mai bakin shuɗi. Ɗan gajeren kebul na ƙari, na USB 2.0, da zai fito da risibar saman tebur kusa da linzami yakan kashe maganar.

Na uku, kwamfutar da kanta. Windows yana kashe kafofin USB da ya ga ba a amfani da su don tattalin batir. A cikin Power Options akwai USB selective suspend, kashe shi. A Device Manager kuma, kowane USB Root Hub yana da shafin Power Management mai akwatin da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar, cire alamar. Fast Startup, tsarin saurin tashi wanda ya zo tun Windows 8, shi ma yakan sa kibod ya ƙi tashi bayan an kunna kwamfuta. Sannan a rage sarƙa: tsarin USB ba ya yarda a jera hub, wato mai raba kafa ɗaya zuwa da yawa, fiye da 5, kuma dokin laftop (dock, na'urar da ke ƙara mata kafofi) da allo mai kafofi da akwatin kansa duk suna da hub a ciki, wasu ma biyu. Jona akwatin kai tsaye da kwamfuta ka gani.

Inda aka fi shan wuya: hoto

Duk abin da na faɗa a sama gyaransa kyauta ne ko kusan kyauta. Matsalar allo ce ke cin kuɗi.

Kowane allo yana ɗauke da wani ɗan bayani da ake kira EDID, tsarin da ƙungiyar VESA ta kafa tun 1994, wanda ke gaya wa kwamfuta girmansa da saurin da yake iya sabunta hoto. Idan akwati marar wayo ya juya zuwa ɗaya kwamfutar, ta farko sai ta ga allonta ya ɓace gaba ɗaya. Nan take ta kwashe tagogi ta tura kan allon laftop, ta ƙanƙance su, wani lokaci ta mayar da sauti kan lasifikarta. Ka dawo, ta sake tambaya, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, ka tarar da Excel ɗin da ka shimfiɗa ya koma ɗan mitsitsi a kusurwa. Windows 11, wanda ya fito a 2021, ya zo da zaɓin tuna mazaunin tagogi a saitunan allo, kuma ya rage abin sosai. Wanda ke kan Windows 10 ba shi da wannan gata.

Maganin asali shi ne akwatin da ke riƙe EDID ya ci gaba da nuna wa kowace kwamfuta cewa allon yana nan. A HDMI wannan ba wuya, har akwai 'yan ƙananan na'urori da ake sakawa tsakanin kwamfuta da akwati su yi aikin. A DisplayPort lamarin ya fi wuya, saboda kwamfuta da allo sai sun yi yarjejeniyar gudu a duk haɗuwa, shi ya sa akwatunan DisplayPort da yawa, har masu tsada, ba sa yin wannan riƙon. Kuma wanda ya yi, yakan toshe G-Sync ko FreeSync, tsarin daidaita saurin allo da na wasa, da 'yan wasa ke so.

Sai batun faɗin hanya. HDMI 1.4 yana kai 4K ne a kan 30 Hz kawai, wato sabunta hoto sau 30 a daƙiƙa. Sai HDMI 2.0 na 2013, mai gigabit 18 a daƙiƙa, ya kai 60 Hz. Akwati da yawa an rubuta musu 4K da manyan baƙi a kwali, 30 Hz ɗin kuma da ƙanana a gefe. In ka ga linzami yana jan ƙafa a allo bayan ka sa akwati, duba saurin allon kafin ka zargi linzamin. Haka nan tsawon kebul yanzu ya ninka, daga kwamfuta zuwa akwati, daga akwati zuwa allo, ga mahaɗai biyu da suka ƙaru a tsakani. Kebul ɗin da ke aiki lafiya shi kaɗai yana iya gazawa a nan, ka ga allo yana ƙyaftawa ko ɗige-ɗige masu walƙiya. Gajere kuma mai kyau ake so, biyun duka. Adafta kuwa a guje ta in da hali. Musamman mai son fita daga HDMI ya shiga DisplayPort, wannan sai na'ura mai nata wutar, kebul zalla ba ya yi.

To wanne za a zaɓa?

Ga abin da nake ba yawancin masu kwamfuta biyu shawara: ku raba hoto da USB. Kusan kowane allo na yanzu yana da kafar shiga biyu ko uku. Jona kowace kwamfuta kai tsaye da allon, ɗaya ta HDMI ɗaya ta DisplayPort, sannan ka sayi ɗan akwatin USB zalla, irin na UGREEN da makamantansa, mai raba kafa huɗu tsakanin kwamfuta biyu. Hoto bai bi ta cikin kowane akwati ba, don haka babu maganar faɗin hanya, babu asarar 144 Hz, kuma a alluna da yawa kwamfutar ba ta ma san an juya mata baya ba, tagogi suna nan inda ka bar su. Kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da KVM mai kyau. Wahalarsa ɗaya: dannawa biyu, na akwati da na allo, kuma wasu allunan sai ka shiga menu ka yi ta latsawa kafin ka kai. Ko wannan ma akwai hanya. Yawancin alluna suna karɓar umarni daga kwamfuta ta tsarin DDC/CI, kuma akwai manhaja kyauta mai suna display-switch da ke zaune tana jira, da ta ga kibod ya iso sai ta umarci allon ya juyo. Masu Linux suna da ddcutil, masu Windows suna da ControlMyMonitor. Ba kowane allo ne ke bin umarnin yadda ake so ba, sai an gwada.

Wanda dama yake shirin sayen sabon allo, ya nemi mai KVM a ciki, kamar Dell U2723QE ko Gigabyte M27Q. Kibod da linzami a jikin allon ake soka su, kuma da ka canza kafar hoto sai su bi. Ga mai laftop wannan ya fi komai tsabta, domin kebul ɗaya na USB-C ya ɗauki hoto da kibod da caji, na Dell ɗin har wat 90. Sai dai a tabbata kafar USB-C ta laftop ɗin tana fitar da hoto, domin ba duka ke yi ba. Ta ɓangaren USB kuma irin na farko ne, akwai ɗan jiran nan. Ban ga dalilin jefar da allo mai lafiya don wannan kaɗai ba.

Manhaja wata duniya ce daban, kuma akwai abin da ya kamata a fahimta tun farko: ba ta raba allo. Kowace kwamfuta sai da nata allon. In kana da wannan, to daɗinta ya fi na kowane akwati, domin kawai za ka ja linzami ya fita ta gefen wannan allo ya shiga wancan, kibod ya bi shi, har ka kwafi rubutu a nan ka liƙa a can. Mouse Without Borders na Microsoft kyauta ne, yana haɗa kwamfuta har 4, ya shiga cikin PowerToys a 2023, amma Windows kaɗai. Masu Mac da iPad suna da Universal Control tun 2022. Mai haɗa Windows da Linux ko Mac sai dangin Synergy: shi Synergy na kuɗi ne, Barrier ya ɓalle daga jikinsa a 2018 amma an daina kula da shi, Input Leap ya gaje shi, yanzu kuma Deskflow ne ake ci gaba da ginawa. Idan suka ƙi haɗuwa, mafi yawan lokaci katangar tsaro (firewall) ce ta toshe ƙofar sadarwa mai lamba 24800 da suke magana ta ciki. Barrier kuma ba ya jituwa da Wayland, tsarin nuna hoto da sababbin Linux da yawa ke amfani da shi.

Inda manhaja ke faɗuwa shi ne laftop ɗin ofis. Sau da yawa ba ka da izinin sa mata komai, kuma da ka kunna VPN, hanyar tsaro da ke haɗa ka da cibiyar sadarwar wurin aiki, sai ta daina ganin kwamfutar da ke gefenta. Ko da ta yi aiki, kwafe rubutu tsakanin kwamfutar aiki da ta gida abu ne da ma'aikatu da yawa suka hana, kuma suna da hujja. Ba ta aiki kafin kwamfuta ta gama tashi, don haka shiga BIOS, saitunan da ake shiga kafin kwamfuta ta tashi, ko rubuta lambar BitLocker mai buɗe kwamfutar da aka kulle bayananta, sai ka nemo kibod na gaske. A kan Wi-Fi mai rauni kuma linzami zai riƙa sarƙewa.

Akwai kuma kibod da linzami masu haɗuwa da na'ura 3, irin su K380 da MX Keys da MX Master na Logitech. Babu akwati, babu kebul. A kibod abin da sauƙi, maɓalli ɗaya ne a sama. A linzamin kuwa maɓallin yana ƙasa, sai ka kifa shi ka danna ka mayar, kuma wanda ke canzawa sau da yawa a yini zai gaji. Logitech Flow na 2017 yana ɗauke wannan wahala, amma shi ma manhaja ce, da duk sharuɗɗan da na ambata. In ta Bluetooth ka haɗa, galibi ba zai yi maka aiki a BIOS ba.

Cikakken KVM mai tsada yana da masu shi: mai kwamfuta uku ko huɗu, mai allo biyu da yake son su juya tare da dannawa ɗaya, mai gyaran kwamfutoci da kullum yake cikin BIOS, da mai kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ake kira server. In kana cikinsu, kada ka sayi na tsakiya, wanda bai yi arahar akwatin USB ba kuma bai kai ingancin na ƙwarai ba, domin a nan mafi yawan ƙorafin yake fitowa. Tambayi abu huɗu kafin ka biya: wane HDMI ko DisplayPort ne kuma Hz nawa a girman allonka, yana riƙe EDID ko ba ya riƙewa, akwai kafar USB marar zane da za ka koma in mai zane ta ƙi, sannan yana da cajarsa. In a kasuwa za ka saya, Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, tafi da laftop ɗinka da kibod ɗinka da risibar linzaminka, a jona a gabanka, ka canza ka dawo sau da yawa, ka bar laftop ɗin ta yi barci ka tashe ta. In ta intanet ne, ka tabbata mai sayarwa yana karɓar kaya in bai yi ba, domin ko akwati mai kyau yana iya ƙin jituwa da wani allo ko wani doki, kuma ba a sanin haka sai an haɗa.